Buta Mai Jan Zare

A gidanmu ba mu cika duba kalanda ba. Kwandon Baba Tsoho ne ke gaya mana inda shekara ta kai. In ya shigo da rake a kafaɗa da karas da ganyensa, to sanyi ya zauna. In mangwaro ya fara zuwa, ƙudajen garinmu Dayi kaf da danginsu na ƙauyuka suka tare a tsakar gidanmu, bazara ce. Gwaba da ɗinya da ɗanyar masara na damina ne. Zoɓo kuwa sai an yi girbi, a baza shi a tabarmi, mu bi ta kai da jiƙaƙƙiyar ƙafa, mu yi mako muna yawo kamar waɗanda aka sa wa lalle ana faɗa.

Baba Tsoho kakana ne, mahaifin babana. Lambunsa yana fadama a bayan gari, kuma tun kafin a haifi babana yake taka hanyar nan da ƙafa, safe da yamma. Umma, mahaifiyata, ita ke mayar da kayan lambun abin sha. Tana yin zoɓo da kunun aya da ruwan tsamiya mai citta, ta ɗura a gorunan roba, ta jera a kula da ƙanƙara, masu babura da fasinjojin bas su saya a bakin titi. Ni ce mai tacewa da ɗurawa. Shekarata goma sha huɗu a lokacin, kuma zoɓon da na sha da sunan jin ko sukari ya ji zai iya cika rijiyar masallacin unguwarmu har ya tumbatsa.

Sunan mahaifiyar Baba Tsoho aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Innata yake ce mini. Wannan ne ya lalata ni. In na yi ɓarna Umma ta ɗauko muciya, sai in ruga in lafe a bayansa, ya tambayi wanda zai taɓa masa uwa yana raye. Umma surukarsa ce, ko ido ba ta haɗawa da shi, sai ta ajiye muciyar ta bi ni da irin kallon da ke cewa za mu gamu a madafi. Ni kuma ina ce masa tsoho mai haƙori biyu, ɗaya a Katsina ɗaya a Zariya. Yakan ce ai gadon uwarsa ya yi.

Yana da ƙa'ida guda da ba a takawa. Duk abin da lambun ya fara yi a shekara, ba mai sa shi a baki, ba a kai shi bakin titi, sai mai lambu ya ci na farko. Wurin mahaifinsa ya gaji abin, wanda ya tashi a addinin gargajiya kamar wasu danginmu da ke can cikin gonaki har yau. Shi mahaifin nasa a gindin itacen yake zuba na farko. Baba Tsoho ya bar zubawar, ya sa bisimilla a madadinta, amma cin farkon bai bari ba. Ya ce lambun da mai shi bai ɗanɗana ba fushi yake yi. Na taɓa satar gwabar fari ina ƙarama, aka yi rashin sa'a ƙwari suka faɗa wa itacen a shekarar, kuma sai da na kusa shiga sakandare ana tuna mini.

A sanyin shekarar da nake ba da labari, ana tsakiyar saran rake, ya dawo daga lambu da la'asar ya zauna a tabarmarsa. Ni na fara ganin sawun jini tun daga zaure har gabansa. Na ce tsoho wa ka yanka. Da aka cire masa takalmin roba, sai ga tsinin kututturen rake ya huda takalmin ya shige tafin ƙafarsa ta hagu, kusa da babban yatsa. Da shi ya yi tafiyar nan duka bai ji ba. Dariya ya yi, ya ce ƙafar manomi ce. Mu ma muka yi dariya.

Ashe alamu sun daɗe a gidan, mu ne ba mu san karatunsu ba. Ya kai wata uku yana shan ruwa kamar an huda shi ta ƙasa, randa ba ta kwana da ruwa. Rigunansa sun yi masa yawa. Bayan gida kuwa tururuwa suka mayar da shi kasuwa. Mako biyu suka wuce ciwon bai kama hanyar warkewa ba, sai ma bakinsa da ya buɗe ya fara ruwa. Baba, mahaifina, ya goya shi a babur zuwa asibiti a Malumfashi, suka dawo da ledar magani da sunan cutar, ciwon sukari.

Akwai wani malamin asibiti a unguwarmu, shi aka roƙa ya riƙa zuwa wanke ciwon. Yana zuwa da wata 'yar na'ura da yake tsira wa Baba Tsoho a yatsa, ya ɗiga jinin, lamba ta fito. Ran da ya fara zuwa ya tara mu duka ya yi bayani dalla-dalla, ba wanda zai ce bai gane ba. Ya ce ba sukarin shayi kaɗai zai bari ba, har rake da zuma da dabino da mangwaro da kankana, da duk abin da aka matse aka sha da zaƙi. Ya ce ba zuwa lambu sai ciwon ya rufe. Sannan ya rage murya, ya dubi Baba.

"Malam, in zaƙin nan bai sauka a jininsa ba, ciwon ba zai rufe ba. In bai rufe ba, ƙafar ce za ta tafi."

Ina tsaye riƙe da kwanon ruwan zafi. Da kunnena na ji.

Daga ranar Umma ta zama jami'ar kwastan. Duk abin da zai shiga ɗakin Baba Tsoho sai ya bi ta gabanta, ta buɗe, ta sunsuna, wani sa'in ta lasa. Masu zuwa dubiya da lemo ko ayaba a zaure ake sauke musu kaya. Abincinsa ya koma tuwon alkama ɗan mulmule ɗaya, wake, kwaɗon zogale, yalo, da ruwan shuwaka da safe, wanda na taɓa kurɓa na yi kwana biyu bakina bai dawo wurinsa ba. Mutumin da ya shekara sittin yana ciyar da gari zaƙi ya zauna a ɗaki yana tauna ganye, ga ƙanshin kunun aya da dabino yana ratsa masa asabari tun hantsi.

Ya jure kusan mako uku. Wata rana na kai masa ruwan alwalar azahar, ya riƙe mini hannu ya ce in zauna. Ya ce maƙogwaronsa ya mutu, harshensa ya zama kamar tsumma. Na tuna masa abin da malamin asibiti ya ce. Ya ce yaron nan ai a gabansa aka yi masa kaciya. Ya ce sukarin kanti ne ke kashe mutane, wanda inji ya wanke shi har ya yi fari fat, ba a san ko ƙasar da ya fito ba. Nasa kuwa shi ya dasa, shi ya ba shi ruwa da hannunsa, rana ta dafa shi a kan idonsa. Ya tambaye ni yaushe na taɓa jin abin da mutum ya rena ya juyo ya cinye shi.

"Innata, ke ma za ki bar ni in bushe?"

Da a ce tsorata ni ya yi, ko ya yi mini alkawarin wani abu, da yau ina da abin faɗa. Bai yi ko ɗaya ba. Maganarsa ta yi mini daɗi a kunne, na ga ta fi ta malamin asibiti kama hankali, kuma abin da ya fi komai, na hango wata babbar dama ta yi wa Umma wayo.

Matsalar ita ce haƙoransa biyun nan ba sa iya rake. Sai na feƙe gaɓa uku na yayyanka, na kai bayan rumbu na daka a ƙaramin turmi, na matse da tsumman tatar kunun aya. Ruwan ya fito kore-kore da kumfa. Saura yadda zai wuce kwastan. Kofi ba zai wuce ba, gora ba za ta wuce ba, ko a cikin hijabi na ɓoye Umma tana gane tafiyar mai ɓoye abu. Ina tsaye ina tunani idona ya faɗa kan butocin gidanmu a jere a bakin randa.

Ba wanda ya taɓa buɗe buta a duniyar nan. Sau biyar a rana ake wucewa da ita ta gaban kowa, kuma duk mai ɗauke da ita yana kama da mutumin kirki. Akwai wata sabuwa, shuɗiya, da ba a fara amfani da ita ba. Na wanke ta, na ɗaura mata jan zare a mariƙi don kada in rikice, na ɗura ruwan raken, na bi ta gaban Umma ina sunkuyar da kai kamar 'yar limami. Har addu'a ta yi mini, ta ce na fara hankali.

Baba Tsoho ya kafa bakin butar a bakinsa bai sauke ba sai da ta yi ƙara. Ya lumshe ido, ruwa yana bin gemunsa. Ya ce ashe uwarsa tana raye. Ranar ya ba ni labarin yadda ya yi kokawa da kada a fadama, kadan da kullum yake ƙara tsawo, wannan karon har ya kai girman bas. Ruwan alwalarsa na gaske yana wata tsohuwar buta a bayan ƙofa, ni nake cika ta da sassafe.

Haka muka bi shekara, ni da shi da butar. Da rake ya ja baya na koma lemon zaƙi da ake saukewa a bakin titi. Na jiƙa garin kwalba, wato na 'ya'yan kuka, na zuba masa zuma. Da zafi ya fara, kankana ta nuna, na riƙa murje ta a rariya. Na ƙware har ina iya haɗa buta guda a tsawon lokacin da Umma za ta shiga wanka ta fito. Da ana ba da lambar yabo a wannan fanni, da yanzu hotona yana bangon ofishin gwamna.

Sai mangwaro ya zo. Baba ne yake kula da lambun a lokacin, kafin ya fita haya da babur. Ya kawo kwandon fari ya ajiye a gaban mahaifinsa kamar yadda aka saba, ba wanda ya taɓa. An riga an tambayi malamin asibiti, ya ce saboda al'ada a ba shi ɗan yanki kaɗan. Umma ta yanko wani abu da in ka ɗaga shi za ka iya karanta jarida ta ciki. Baba Tsoho ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya ci, ya sa wa lambun albarka, fuskarsa abin tausayi har Baba ya juya kai. Da azahar ta yi na kai masa manyan mangwaro masu aure guda biyar a buta. Na matse su, na sirka da ruwan randa don su bi ta bakin butar, na tace zaren sau biyu.

A bazara Umma ba ta da lokacin kanta. Zafi ya sa ko kula uku ta cika kafin la'asar sun ƙare. Sai na mayar da kai butar sau biyu, azahar da la'asar.

Na'urar malamin asibiti kuwa ba ta san wasa ba. Duk zuwan da zai yi sai ya dubi lambar, ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya sake tsira wani yatsan. Ya canza magani. Ya tambayi Umma me tsoho yake ci, ta lissafa masa daga safe har dare, tana durƙushe. Ya ce to a rage tuwon. Aka rage. Mulmulen da dama bai kai ƙwan agwagwa ba ya koma na tantabara. Ina gani Umma ta daina cin abinci a tsakar gida, ta koma ci a madafi a tsaye, don kada ya ji ƙarar kwano.

Ciwon ya zama gyambo. Bandejin da ake cirewa yana fitowa rawaya da wani ruwa mai yauƙi. Ni nake riƙe kwanon, saboda haka na fi kowa ganinsa. Wata rana na ga farin wani abu a can ciki, na tambaya, malamin asibiti ya ce in juya fuskata.

Na taɓa dainawa. Ina so a san wannan, ko da yake ba ya wanke ni. Bayan ranar da na ga farin abin, na kai masa butar da ruwa zalla. Ya kurɓa, ya dube ni, ya ajiye. Bai yi faɗa ba. Ya juya fuskarsa bango. Kwana uku ba labarin kada, ba tsokana, tuwon ma a kwano yake bushewa. A rana ta uku da na shiga ya ce, ba tare da ya juyo ba, yarinya ajiye ki fita. Tun da aka haife ni bai taɓa ce mini yarinya ba. Na fita na zauna a bayan rumbu na yi kuka har na gaji, sannan na tashi na zaɓo mangwaro huɗu mafi nuna.

Kafin mangwaro ya ƙare babban yatsan ya yi baƙi, kamar itacen da wuta ta lasa. Wari ya cika ɗakin ya fito tsakar gida. Umma tana kunna turaren wuta safe da yamma, masu sayen zoɓo da ke shigowa har gida suka fara tsayawa a zaure. Ƙudajen da na saba yi wa dariya suka bar kwandon mangwaro suka koma ƙofar ɗakinsa.

Aka aika wa Gwaggo, yayar babana, da ke aure a Funtua. Ta iso ran wata Laraba bayan azahar, da jakarta da ledar magungunan da maƙwabta suka haɗo mata. Ta shiga ɗakin mahaifinta ta fito tana toshe baki da mayafi, idanunta jawur. Ta dubi kuloli da gorunan zoɓo da tulin ɓawon mangwaro, sannan ta dubi Umma. Ta ce gida ya cika da zaƙi kamar kamfani, a ce wai tsoho ba ya samu. Ta ce ko dai ragowar da ba ta sayu ba ake ɗura masa don kada a yi asara, ko kuma a tukunya ɗaya ake dafa masa abinci da ta kunun aya. Ta ce wata huɗu ana magani ba sauƙi, ai da hannu a ciki.

Umma ta durƙusa a ƙasa, kanta a sunkuye. Abin da ta ce kawai, Yaya, Allah yana gani. Gwaggo ta ce ai shi ya sa take faɗa.

Ina tsaye a bakin madafi, tsakanina da su bai fi taku biyar ba. Bakin nan nawa da ba ya rufuwa ko a aji, wanda malamai suka haƙura da shi, ranar ya ƙi buɗuwa. Butar kuwa tana ƙofar ɗakin Baba Tsoho. Na riga na haɗa ta la'asar, isowar Gwaggo ce ta sa na dire ta a nan na gudu.

Aka kira salla. Gwaggo ta tashi tana huci, ta nemi buta, ta ɗauki wadda ta fi kusa. Na ga jan zaren yana lilo a hannunta. Ta tsuguna a bakin magudana, ta naɗe hannun riga, ta yi bisimilla, ta karkata butar. Ruwan mangwaro mai kauri ya zubo mata a tafin hannu, ya bi ta tsakanin yatsunta.

Da a wani gida abin ya faru, da sai na shekara ina ba da labari ina kwaikwayon fuskarta. Ta ɗaga hannun ta sunsuna. Ta dubi Umma. Umma ba ita take kallo ba, butar take kallo, sannan jan zaren, sannan ni. Na ga lokacin da ta tuna duk ranakun da na wuce ta gabanta tana sa mini albarka.

Daga cikin ɗaki Baba Tsoho ya ɗaga murya, irin wadda yake korar birai da ita a lambu.

"Kada wanda ya taɓa ta. Ni na sa ta. Ni na roƙe ta, ta ƙi, na yi mata fushi. Wanda zai yi duka ya zo ga ni nan."

Ba wanda ya yi duka. Na so a yi. Gwaggo ta wanke hannunta da ruwan randa, ta yi sallarta, da ta idar ta je ta zauna kusa da Umma a ƙasa, ta ce matar ƙanena ki yafe mini. Umma ta ce ba komai, Yaya. Ta tashi ta ɗauki butar, ta juye sauran a magudana, ta wanke ta da sabulu ciki da waje, ta mayar da ita cikin 'yan uwanta a bakin randa. Zaren ma ba ta cire ba. Da Baba ya dawo aka gaya masa, ya zauna a kan babur ɗinsa a zaure ya daɗe bai shigo ba.

Malamin asibiti ya ce ba zai iya rantsewa butar ce kaɗai ta jawo ba, ciwon ya daɗe a jikin tsoho kafin a gane. Ya faɗi hakan yana kallona, na san don ni ya faɗa. Bayan an daina, cikin 'yan kwanaki lambar ta fara sauka. Na tsani na'urar nan a ranar fiye da duk ranakun da take hawa. Amma baƙin ya riga ya wuce yatsan, ya kama hanyar idon sawu, zazzaɓi kuma ya shigo.

Aka kwantar da shi a asibiti a Malumfashi. Likita ya ce sai an yanke, ƙasa da gwiwa, kuma ba a yi jinkiri ba. Baba Tsoho ya ce a'a. Ya ce da ƙafa biyu ya zo duniya, da biyu zai koma, a mayar da shi gida. Baba ya roƙe shi, Gwaggo ta yi kuka, aka ɗauko limamin unguwarmu ya yi masa nasiha cewa neman lafiya ba saɓo ba ne. Ya saurare su duka, ya ce ya gode. Kwana biyu ana haka, warin ya kori mai gadon kusa da shi.

A rana ta uku Umma ta ce in sa hijabi in bi ta kai abinci. Tun ranar butar wannan ce doguwar maganar farko da ta yi mini. Na same shi ya ƙanƙance a gado, leɓensa a tsage. Baba da Gwaggo suna tsaye, takardar da ake so a sa wa hannu tana kan durowa. Da ya gan ni ya ɗan yi murmushi, haƙoran nan biyu suka leƙo. Ya ce wa Baba su duka 'ya'yansa ne, ɗa ba ya ba uba umarni, amma ga uwarsa ta zo, abin da ta ce shi za a yi. Ina jin da wasa ya fara maganar. Sai dai ba wanda ya yi dariya, kowa ya juyo gare ni.

"Innata, me kika ce?"

Na san abin da yake so in ce. Ya saba duk abin da ya roƙe ni ina kawo masa. Na dubi tudun ƙafar a ƙarƙashin zanen gado, na tuna hanyar fadama da ramukanta da gangaren da ke bakin rafi, wanda ko mai ƙafa biyu sai ya dafa.

Na ce, "A yanke, Baba Tsoho."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya miƙa wa Baba babban yatsan hannunsa aka shafa masa tawada.

Damina ta yi nisa kafin a sallamo shi. Ya dawo da sanduna biyu da wandon da aka naɗe ƙafarsa ɗaya aka soke da fil. Ya koyi zuwa zaure, daga baya har masallaci. Lambu kuwa sau ɗaya Baba ya kai shi a babur, suka tsaya a saman gangaren, ya hango itatuwansa daga nesa, ya ce a juya. Bai sake cewa a kai shi ba. Yana nan yana ce mini Innata. Kadan nan dai bai ƙara tsawo ba, ya ma daina fitowa.

Da gwaba ta nuna Baba ya kawo kwanon fari ya ajiye a gabansa, muka tsaya muna jira kamar kullum. Umma ta ɗauko wuƙa za ta yanko masa ɗan yankin da aka yarda. Ya ce ta bari. Ya zaɓi ɗaya, ya latsa ta da yatsa, ya kai hanci ya daɗe yana shaƙa, sannan ya miƙo mini ya ce in yi bisimilla in ci, in gaya masa. Na gatsa. Jar gwaba ce daga itacen bakin rijiya, zaƙinta har cikin kunne. Na yamutsa fuska, na ce bana lami ta yi, ruwa ya yi mata yawa, ko akuya sai an roƙe ta.

Ya ce ƙarya nake yi, itacen nan bai taɓa yin lami ba, kuma ya ga na haɗiye yawu sau biyu. Ya ture kwanon ya ce a kai bakin titi.

Har yau ni nake kai masa ruwan alwala. Umma ba ta taɓa ɗaga maganar ba, ko sau ɗaya. Amma duk lokacin da na zo wucewa da buta, ko tana tuƙa tuwo, ko tana magana da baƙi, sai ta miƙo tafin hannunta ba tare da ta dube ni ba. In tsaya in zuba mata kaɗan, ta duba, sannan in wuce.